Rawar Takalmin Katako: Gadon da Ma'aikatan Masaƙun Ingila Suka Bari

A ƙarni na 19, lardin Lankasha da ke arewa maso yammacin Ingila shi ne cibiyar saƙar auduga ta duniya. Ma'aikatan masaƙun, maza da mata har da yara ƙanana, kan sa wani takalmi mai tafin katako da saman fata, wanda ake kewaye ƙasansa da ƙarfe don ya daɗe. Yana da araha, kuma yana kare ƙafa daga danshin daɓen masaƙa, domin da gangan ake barin ɗakunan saƙa da laima don kada zare ya riƙa tsinkewa.

Daga wannan takalmi na talaka rawar ta samo asali. Ma'aikatan sukan buga dunduniya da kan yatsu a ƙasa, suna bin ƙarar injunan saƙa, hannuwa a sake, ƙafa kaɗai ke aiki. Sannu a hankali abin ya fita tituna da gidajen wasa, aka shiga gasa ana cin kyaututtuka. A shekarar 1880 Dan Leno ya ci gasar zakaran duniya a birnin Lids, shi kuwa Charlie Chaplin tun yana yaro ya fara sana'a a ƙungiyar masu wannan rawa mai suna Eight Lancashire Lads. 'Yan ci-rani sun kai salon Amurka, inda ya gauraya da rawar mutanen Ailan da ta baƙaƙen fata.

Masaƙun nan suna da alaƙa da mu. A Mancesta aka kafa kamfanin BCGA a 1902 don nemo musu auduga, ya zo ya kafa injunan gurza a Zariya da Funtuwa.

Daga baya kasuwa ta juya wa Lankasha baya. Masaƙar Queen Street da ke Burnley ta rufe a 1982, yanzu ta zama gidan tarihi. Rawar ta tsira ne saboda tsofaffi irin su Sam Sherry da Pat Tracey sun koya wa matasa takun, masu bincike kuma suka rubuta shi daki-daki kafin masu shi su shuɗe.

Masaƙun Kakuri a Kaduna su ma sun yi shiru, kuma tsofaffin ma'aikatansu na ta raguwa. Ya kamata hukumomin al'adu da ke Abuja su naɗi labaransu da waƙoƙinsu tun suna raye.