Shammar: kayan ƙamshi da ke maganin kumburin ciki

Shammar, kamar yadda Larabawa ke kiransa, 'ya'yan wani tsiro ne ɗan dangin karas, mai siraran ganye kamar zare da fure ruwan ɗorawa, wanda tsayinsa kan kai mita 2. Asalinsa ƙasashen gaɓar Tekun Bahar Rum ne. Girkawan dā suna kiransa "maraton", kuma daga nan filin Maraton, inda suka gwabza da Farisawa a shekara ta 490 kafin haihuwar Annabi Isa, ya samo sunansa. A yau Indiya ce kan gaba wajen noma shi, musamman jihohin Gujarat da Rajastan.

Ƙwayar doguwa ce, kore-kore, mai zane a tsaye. Wanda bai sani ba yakan rikita ta da yansun, domin ƙamshinsu ɗaya, kuma sinadarin da ke haifar da shi, wato anetol, yana cikin su duka biyun. Sai dai shammar ya fi girma. Mai kyau shi ne wanda korensa bai koɗe ba. Idan ya yi fari ya bushe ƙayau, ƙamshin ya tafi.

A kicin, akan ɗan soya shi a busasshen kasko har ya fara ƙamshi, sannan a daka, ko a jefa shi cikin mai mai zafi kafin albasa. Mutanen Bengal suna haɗa shi da hulba da habbatus sauda da kamun da ƙwayar mastad. Sinawa suna sa shi cikin haɗinsu na kayan ƙamshi biyar, tare da kanumfari da kirfa. Italiyawa kuwa nama da kifi suke ƙawatawa da shi.

A Indiya ne girki da magani suka haɗu wuri guda. Idan aka gama cin abinci a gidan abinci, akan kawo ɗan kwano na shammar, wani lokaci an lulluɓe shi da sukari mai launi-launi, kowa ya ɗebi kaɗan ya tauna. Yana gusar da warin baki, kuma man da ke cikinsa yana sassauta hanji, iska ta fita, kumburi ya sauka.  Akan kuma murƙushe shammar cikin ƙaramin cokali guda a zuba tafasasshen ruwa, a rufe na minti 10, a sha don ciwon mara lokacin al'ada ko tari mai majina.

Masu maganin gargajiya suna ba masu jego shi don ƙarin nono, amma hujjar wannan ba ta da ƙarfi. Bugu da ƙari, yana ɗauke da sinadarin estragol, wanda ya sa hukumar magunguna ta Tarayyar Turai ba ta yarda a riƙa ba yara 'yan ƙasa da shekara 4 shayinsa ba, haka ma masu ciki da masu shayarwa. Ɗan abin da ake barbaɗawa a miya bai shiga wannan gargaɗi ba.