Tabarau a Ɗakin Wankin Ciki

A asibitin Whipps Cross da ke gabashin Landan aka yi wani gwaji da mata 40, mujallar likitocin mata ta BJOG kuma ta buga sakamakonsa a 2021. Dukkan matan sun zo ne a leƙa musu cikin mahaifa da siririyar kyamara, idonsu biyu, ba a sa su barci ba. Rabinsu aka ɗaura wa wani tabarau mai kauri da ke rufe fuska, irin wanda samari ke wasan kwamfuta da shi, wato fasahar VR. Duk inda mace ta juya kai, daji take gani da ruwa, a kunnenta kuma muryar David Attenborough, dattijon nan mai shirye-shiryen namun daji. Da aka gama, waɗanda suka sa tabarau sun faɗi zafi da fargaba ƙasa da na sauran.

Ba da jimawa ba hankalin likitoci ya kai ga aikin da ya fi wannan nauyi, wato zuƙe abin da ke cikin mahaifa. A Birtaniya dokar 1967 ta yarda da zubar da ciki idan likitoci biyu suka sa hannu, galibi kafin mako 24. Yawanci yanzu da ƙwaya ake yi, amma akwai waɗanda sai an yi musu aiki, kuma idan cikin ƙarami ne akan yi shi mace na farke: a buɗe bakin mahaifa, a zura siririn bututu, a zuƙe da babban sirinji da ake kira MVA. Mintuna kaɗan ne, amma mahaifa na murɗawa da ƙarfi.

A arewacin Najeriya doka ba ta yarda da zubar da ciki ba sai don ceton ran uwa, kuma na san mai karatu na iya cewa wannan zance bai shafe shi ba. Ya shafe shi. Wannan sirinjin dai shi ne ake yi wa matanmu wankin ciki da shi bayan ɓari, a Kano da Katsina da Maraɗi. Da wuya a sami dangin da babu wata a cikinsu da ta taɓa hawa wannan gado tana zubar da jini, ga baƙin cikin ɗan da ta rasa.

Yaya hoto zai rage zafi? A 1965 Ronald Melzack da Patrick Wall, wanda daga baya ya daɗe yana koyarwa a University College ta Landan, suka nuna cewa saƙon zafi ba ya tafiya kai tsaye daga jiki zuwa ƙwaƙwalwa. Akwai ƙofa a laka da ke iya buɗewa ko ta tsuke, kuma ƙwaƙwalwa da kanta na da hannu a kan ƙofar. Tsoro na wangale ta. Hankalin da ya tafi wani wuri na tsuke ta. A kan wannan ne Hunter Hoffman da David Patterson na Jami'ar Washington da ke Amurka suka ƙirƙiro SnowWorld, duniyar ƙanƙara da masu ƙuna ke shiga ta tabarau lokacin da ake wanke musu miki. Uwar da ke kaɗa wa jariri makulli a gabansa ana yi masa rigakafi, ita ma dabarar ke nan, sai dai tabarau ya fi makulli cika ido da kunne.

To amma mahaifa ba fata ba ce. Zafinta daga can ciki yake tasowa, kuma bai cika jin lallashi ba. Wani gwajin da aka yi a asibitin St Mary's, nan dai Landan, aka buga a 2023, ya nuna fargabar matan ta ragu da tabarau, amma zafin bai ragu yadda za a kafa hujja da shi ba. Gwaje-gwajen duk na mata 'yan ƙalilan ne, kuma ba yadda za a ɓoye wa mace cewa an ɗaura mata abu a fuska, don haka sa rai kaɗai na iya sauya amsarta. Wasu kuma tabarau na sa su jiri ko tashin zuciya. Wata ma ba ta son a rufe mata ido a irin wannan hali. Ta fi son ta ga fuskar mai yi mata aiki.

Rage fargaba ba ƙaramin abu ba ne, ban raina shi ba. Macen da ke rawar jiki tana ɗaure tsoka, aikin ya yi wuya, zafin ya ƙaru. Abin da nake jin tsoro shi ne a mayar da tabarau madadin magani. A Birtaniyar kanta mata sun kafa ƙungiya don kokawa kan azabar da suka sha wajen leƙa mahaifa, kuma Lyn Brown, lokacin tana wakiltar West Ham, ta sha karanta labaransu a zauren majalisa. Kukansu ɗaya ne: an ce musu ɗan murɗa ne kawai, ba a ba su zaɓi ba. Idan a Landan an yi haka, me za a ce da wuraren da maganin da ake miƙa wa mace shi ne "ki daure, an kusa gamawa"?

Ƙa'idojin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 sun fito fili: a ba mace maganin zafi irin su ibuprofen kafin aikin zuƙe mahaifa, a kuma yi mata allurar kashe zafi a gefen bakin mahaifa. Allurar lidocaine ce, wadda ake ɗinkin rauni da ita a ƙananan asibitoci, ba ta buƙatar caji ko intanet. Mijin da ya kai matarsa wankin ciki, ko yayar da ta raka ta, suna da damar tambaya tun kafin a shiga da ita: Sista, wane maganin zafi za a ba ta, kuma za a yi mata allurar bakin mahaifa?