Zaman Makarantar Harsuna Biyu: Ingilishi da Faransanci a Ƙasar Kamaru

Duk wanda ya dubi taswirar Nijeriya zai ga cewa ƙasashe huɗu ne muke iyaka da su ta tudu, watau Benin da Nijar da Chadi da Kamaru, kuma dukansu Faransa ta mulke su, in ban da wani yanki na Kamaru da ya zauna a hannun Ingila. Saboda haka ɗan kasuwarmu da ma'aikacin kwastan da direban babbar mota, da zarar sun tsallaka iyaka sai su tarar da takardun da aka rubuta da Faransanci. Ko a Nijar, inda aka ɗaukaka Hausa ta zama harshen ƙasa a 2025, an bar Faransanci da Ingilishi a matsayin harsunan aiki. Wannan ne ya sa iyaye da yawa suke tambaya game da makarantun da ake koyarwa da harsunan nan biyu, da yadda zaman yara yake a cikinsu. Maƙwabciyarmu Kamaru ta yi fiye da shekara 60 tana gwada irin wannan makaranta, don haka a can ya kamata mu duba.

Asalin al'amarin

Jamusawa ne suka fara mallakar Kamaru a 1884. Da aka ci su a Yaƙin Duniya na Farko sai aka raba ƙasar, Faransa ta ɗauki kaso mafi girma, Ingila ta ɗauki wani siririn yanki da ke manne da Nijeriya. Ɓangaren Faransa ya sami mulkin kai ran 1 ga Janairu, 1960. A watan Fabrairu na 1961 Majalisar Ɗinkin Duniya ta shirya ƙuri'ar raba gardama a ɓangaren Ingila. Mutanen arewacinsa suka zaɓi Nijeriya, aka kira yankinsu Lardin Sardauna. Mutanen kudancinsa kuwa suka zaɓi Kamaru, aka haɗe ran 1 ga Oktoba, 1961, a ƙarƙashin Shugaba Ahmadu Ahidjo.

Sabuwar ƙasar tana da harsunan gida sama da 250, amma na hukuma biyu ne, kuma kowanne ya zo da nasa tsarin makaranta, da nasa jarrabawa, da nasa irin tarbiyya. Yaron Bamenda da yaron Garwa 'yan ƙasa ɗaya ne, alhali kuwa in aka ba su takarda ɗaya ɗayansu ba zai iya karantawa ba. Wani masani ɗan ƙasar, Dokta Bernard Fonlon, ya yi ta jan hankalin hukuma cewa tun yaro yana ƙarami ya kamata a ba shi harsunan biyu, domin icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

A 1963 gwamnati ta buɗe makarantar sakandare ta farko mai harsuna biyu a wani wuri da ake kira Man O' War Bay, a bakin teku kusa da garin Victoria, wanda aka sake wa suna Limbe a 1982. Mai karatu zai ji sunan nan kamar ya san shi, kuma ya san shi ɗin. A nan ne aka kafa sansanin horar da matasa a 1951, wanda daga baya aka maido Nijeriya, kuma daga gare shi ne ƙungiyar Man O' War ta makarantunmu ta samo sunanta. A 1969 aka ta da makarantar zuwa unguwar Molyko a garin Buea, a gindin Dutsen Kamaru, inda take har yanzu.

Yadda aka tsara ta tun farko

Dabarar da aka bi a shekarun farko mai sauƙin faɗi ce, mai wuyar aikatawa. Aka ɗebo yara daga ɓangarorin ƙasar biyu, aka zuba su aji ɗaya. Wani darasi a yi shi da Faransanci, wani da Ingilishi. Yaron da ya jure har shekara ta huɗu yakan zauna jarrabawar tsarin Faransa da ake kira BEPC, sa'an nan bayan shekara guda ya zauna GCE ta tsarin Ingila. Watau yaro ɗaya ya fita da takardun shaida biyu.

Amma abin da ya fi aiki a makarantar ba a rubuta shi a jadawalin darussa ba. Makarantar kwana ce, kuma wurin keɓaɓɓe ne. Yaron da ya zo bai iya ko gaisuwa da Ingilishi ba, maƙwabcin gadonsa kuma bai san Faransanci ba, dole su fahimci juna a kan guga da tsintsiya da layin abinci. Malami yana da minti 50 ko sa'a guda da yaro, abokin ɗaki kuwa yana tare da shi daga asuba har a kashe fitila. Kuma yaro ba ya jin kunyar yin kuskure a gaban abokin wasansa kamar yadda yake ji a gaban allo. Wanda ya taɓa aikin fassara ya san cewa kalmar da aka haddace daga ƙamus tana saurin gudu, amma wadda aka ji a bakin mutum ana tsakiyar wata bukata takan zauna.

Da makarantun suka yawaita, wannan tsari ya yi rauni. Yau akwai makarantun gwamnati masu yawa a Kamaru da aka rubuta wa "mai harsuna biyu" a ƙofa, amma in ka shiga sai ka tarar makarantu biyu ne a harabar guda. Dokar ilmi ta 1998 ta tabbatar da cewa ƙasar tana da tsari biyu, kowanne da jarrabawarsa. A ɓangaren Ingilishi yaro yana yin aji 1 zuwa 5 ya zauna GCE ta farko, ya ƙara shekara biyu ya zauna ta gaba, kuma tun 1993 akwai hukumar GCE ta ƙasar a Buea. A ɓangaren Faransanci ana ƙirga azuzuwa a juye, daga na 6 a gangaro, a yi BEPC bayan shekara huɗu, sa'an nan Probatoire, sa'an nan Baccalauréat. Shugaban makaranta ɗaya ne, tufafin makaranta iri ɗaya, ƙararrawa ɗaya, amma yaro yana iya gama shekara bakwai bai taɓa zama benci ɗaya da ɗan wancan ɓangaren ba.

Inda yaran suke haɗuwa

To, a irin wannan makaranta ina ake gamuwa? Da farko akwai taron safiyar Litinin, inda ake ɗaga tuta a rera taken ƙasa. Abin lura a nan shi ne taken Kamaru yana da baiti na Faransanci da na Ingilishi a kan waƙa ɗaya, kuma na Ingilishin, wanda Fonlon ya tsara, ba fassarar na Faransancin ba ne, kalmominsa daban ne. Makarantu da yawa sukan riƙa sauyawa, yau da wannan harshe, wani makon da wancan.

Sai ranar Laraba. A makarantun sakandare na Kamaru akan tashi da wuri ran Laraba, a bar yamma domin ƙungiyoyin ɗalibai: ƙungiyar muhawara, da ta wasan kwaikwayo, da ta 'yan jarida masu karanta labarai a taron safe, da ta kiwon lafiya, da ƙungiyar harsuna biyu ita kanta. A nan ne ɗan aji 3 na ɓangaren Ingilishi zai tsaya ya kare ra'ayinsa da Faransanci, a yi masa dariya, ya gyara, mako mai zuwa shi ma ya rama. Filin ƙwallo ma haka ne. Ƙasar da ke ji da ƙwallon ƙafa kamar Kamaru, ba a tambayar mai tsaron gida da wane harshe yake jarrabawa kafin a sa shi cikin 'yan wasan makaranta.

Hukuma ta lura da wannan. A ƙarshen shekarun 2000 Ma'aikatar Ilmin Sakandare ta ɓullo da wani shiri na musamman a zaɓaɓɓun makarantu, inda ake ƙara wa yaro sa'o'in harshensa na biyu, kuma a koya masa wasu darussa da wannan harshen. Darussan da aka zaɓa su ne tarbiyyar ɗan ƙasa, da wasannin motsa jiki, da aikin hannu, aka kuma haɗa da karatun littattafai da ayyukan ƙungiyoyi. A ganin mai wannan rubutu zaɓin ya yi ma'ana. Yaron da aka ce masa ya ɗauko fartanya da harshen da bai iya ba, yana ganin fartanyar, yana ganin abin da 'yan'uwansa suke yi, ba ya bukatar tafinta. In da lissafi aka fara, da an haɗa masa wahala biyu.

Watan Fabrairu shi ne watan hidima. Tun 2002 aka keɓe Juma'ar farko ta watan a matsayin Ranar Harsuna Biyu a makarantu, kuma akan yi mako guda ana shiri. Malamin da ya saba da Faransanci yakan buɗe darasinsa da Ingilishi, na Ingilishi ya yi da Faransanci, yara su yi gasar waƙa da karatu da fassara, a gayyato iyaye da manyan gari. Bayan 'yan kwanaki sai Ranar Matasa, 11 ga Fabrairu, wadda ta dace da ranar ƙuri'ar 1961, inda makarantu suke maci a gaban hukuma. A Buea kuma a cikin wannan tsakanin ne aka saba yin tseren hawan Dutsen Kamaru, wanda tsawonsa ya haura mita 4,000, gari duka ya fito kallo.

Akwai kuma harsunan da ba a rubuta su a dokar makaranta ba. A Buea da Bamenda da Kumba, Turancin buroka ne harshen kasuwa, kuma shi yara suke komawa da malami ya juya baya, ko da yake makarantu da yawa sun hana. A Duwala da Yawunde samari sun ƙago wani salon magana da ake kira Camfranglais, gaurayen Faransanci da Ingilishi da buroka da harsunan gida. A arewa Fulatanci ne ya fi yawo. Yaron Bahaushe na unguwar Briqueterie a Yawunde, wanda ya tashi da Hausa a gida da Larabci a makarantar allo, in ya shiga irin wannan makaranta harshe na uku da na huɗu yake ɗauka.

Hannun iyaye

Kowace makaranta tana da ƙungiyar iyaye da malamai, kuma aikinta ya wuce zuwa taro. Da kuɗin da iyaye suke tarawa ake gina ƙarin azuzuwa, a sayi bencina, a kuma biya malaman wucin gadi inda na gwamnati ba su isa ba. A makarantar harsuna biyu taron iyaye kansa jarrabawa ne. In aka yi shi da harshe ɗaya daga farko har ƙarshe, sai iyayen ɗaya ɓangaren su zauna shiru, su biya kuɗi, su tafi da abin a ransu. Shugaban da ya san aikinsa yakan sa a faɗi kowace magana sau biyu, a rubuta kowace sanarwa da harsunan biyu, ko da taron zai kai la'asar.

Da abin ya ɓaci

Wajibi ne a faɗi wannan ɓangaren, domin ya shafi rayuka. Daga cikin yankuna 10 na Kamaru, 8 na Faransanci ne, 2 na Ingilishi. Mutanen yankunan biyu sun daɗe suna kukan cewa nauyin koyon harshe na biyu a kansu kaɗai yake, domin su dole ne su iya Faransanci kafin su ci gaba a aikin gwamnati, alhali ɗaya ɓangaren ba ya jin wannan tilas. A ƙarshen 2016 lauyoyi da malamai na yankunan suka shiga yajin aiki. Cikin ƙorafin malaman har da turo malamai da ba su ƙware a Ingilishi ba su koyar da yaran da Ingilishi za su yi jarrabawa. Rikicin ya rikiɗe ya zama faɗa da makamai a 2017 tsakanin sojoji da 'yan aware. Aka hana yara zuwa makaranta, makarantu masu yawa suka yi shekaru a rufe, dubban mutane suka tsallako Nijeriya gudun hijira, musamman jihohin Kuros Riba da Binuwai da Taraba. Ran 24 ga Oktoba, 2020, 'yan bindiga suka shiga wata makaranta mai harsuna biyu a Kumba suka kashe yara 7 a cikin aji.

Gwamnatin Kamaru ta kafa hukumar bunƙasa harsuna biyu da al'adu a 2017, ta kuma yi dokar daidaita harsunan hukuma a 2019. Iyalai da yawa sun kwashe 'ya'yansu zuwa Duwala da Yawunde da Bafusam, inda ɓangarorin Ingilishi na makarantu suka cika maƙil. A waɗannan biranen kuma, tun kafin rikicin, iyaye masu Faransanci da yawa sun riga sun fara sa 'ya'yansu a ɓangaren Ingilishi da gangan, domin suna ganin zai buɗe musu ƙofar karatu da aiki a waje.

Abin da ya shafe mu

A nan gida, Gwamnatin Tarayya ta kafa Ƙauyen Faransanci a Badagry ta Jihar Legas a 1991, domin ɗaliban jami'a masu nazarin harshen su je su zauna a wurin da za su yi ta magana da shi dare da rana. A 1996 Janar Sani Abacha ya ba da sanarwar ɗaukar Faransanci a matsayin harshen hukuma na biyu, aka kuma shigar da shi cikin Manufar Ilmi ta Ƙasa a 1998. Makarantu masu zaman kansu da suke kiran kansu masu harsuna biyu suna nan a manyan biranenmu.

Uban da yake niyyar sa ɗansa a irin wannan makaranta, kada ya tsaya ga allon ƙofa. Ya tambaya waɗanne darussa ake koyarwa da Faransanci ban da darasin Faransancin kansa, da ko malaman suna iya hira da harshen. Ya nemi a bar shi ya zo lokacin tara ko ranar ƙungiyoyi ya saurari abin da yara suke magana da shi. Sa'an nan ya tambaya wace jarrabawa yaron zai zauna a ƙarshe, ya kuma tabbatar makarantar tana da rajista da Ma'aikatar Ilmi ta jiharsa kafin ya biya kuɗin zangon farko.