Me ya sa kwamfuta ke daskarewa idan filasha ta fara lalacewa?

Kana kwafar aikin makaranta zuwa filasha, sai manhajar ta tsaya cak, ka danna rufewa, shiru. Ba ƙwayar cuta ba ce, jira take yi.

Manhaja tana rarraba aikinta ga ƙananan ma'aikata da ake kira zare. Idan zare ya nemi a rubuta fayil, direban ma'ajiya ne ke kai saƙon ga filashar, shi kuma zaren ya kwanta barci sai amsa ta zo. A Linux ana yi wa wannan barci alamar D, kuma ko umarnin kill -9 ba ya tashinsa. Idan filashar ta ƙi amsawa, direba kan jira daƙiƙa 30 kafin ya ɗauki mataki. In kuwa zaren da ke kula da allo ne ya yi barcin, komai sai ya daskare.

Haɗarin shi ne, wani ɓangaren fayil ɗin yana cikin RAM bai sauka ba. Ka zare filashar da ƙarfi, ya tafi. Don haka ka yi haƙuri tukuna, sannan ka cire ta bisa ƙa'ida, ka kuma nemi sabuwa.