Gargaɗi Ga Masu Sana'a Na Dawce Da Kewaye: A Kula Da Zanen Na'ura

Ya ku jama'ar Dawce, Matamaye da Kance, musamman ƙungiyoyin mata masu man gyaɗa da ƙuli-ƙuli, masu ɗinkin hula, da matasa masu buga kati da allon shago.

Yau yaro zai rubuta kalmomi kaɗan a wayarsa, kafin shayi ya huce ƙirƙirarriyar basira ta fito masa da tambari mai sheƙi. To, a tsaya a duba kafin a biya kuɗi. Na farko, wannan na'ura daga ɗimbin hotunan mutane da aka kwaso a intanet ta koyi zane, galibi ba da izininsu ba. A kan haka ne kamfanin hotuna na Getty Images ya kai kamfanin Stability AI, mai irin wannan na'ura, kotu a 2023. Tambarin da aka ba ki, Hajiya, yana iya yin kama da na wani, ranar da mai shi ya taso kuma sai a ce ki ɓare takardar da kika liƙa wa kwalabe ɗari. Kayan aro ba ya rufe katara.

Na biyu, biyan kuɗi bai sa zanen ya zama naka ba. A watan Fabrairun 2023 ofishin haƙƙin mallaka na Amurka ya ƙi ba da kariya ga hotunan da manhajar Midjourney ta zana a wani littafi, don ba hannun mutum ne ya yi su ba.

Na uku, ku masu allura da zare: aska takwas ɗin da aka yi makonni ana ɗinkawa a wuyan riga, da sabon zanen hula da ka ƙago da kanka, kada ka loda hotonsu cikin manhajar da ba ka san sharuɗɗanta ba. Sai a yi kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi.

Ga abin yi tun yau:

1. A tambayi mai zane gaba da gaba: da hannunka ka yi, ko na'ura ce?
2. A rubuta yarjejeniya da shaidu, a faɗi wanda ya mallaki zanen.
3. Mai zane ya adana zanensa na farko a takarda, da kwanan wata.
4. Haƙƙin mai zane, a nemi BNDA, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Nijar. Tambarin kasuwanci kuwa a yi masa rajista a hukumar OAPI mai hedikwata a Yawunde. Rajista ɗaya ta shekara 10 tana aiki a ƙasashe 17, har da Nijar.
5. Najeriya ba ta cikin OAPI. Mai kai kaya Daura ko Kano sai ya yi wata rajistar a can.

Na'ura kayan aiki ce, a yi amfani da ita ido a buɗe. Wanda ya ji, don Allah ya sanar da wanda bai ji ba, a masallaci, a fada da ranar kasuwa.