Jirgin Masunci Ba Ya Son Rana

Kogin Rahad, wanda ya taso daga duwatsun Habasha, ya ratsa ƙasar Gadarif, ya faɗa Shuɗin Nilu kusa da Wad Madani, kogin damina ne. Da rani yakan tsinke, ya bar tafkuna nan da can. A lokacin ne masuntanmu kan yi asarar jiragensu.

Katakon bagaruwa, wadda Larabawa ke kira sunut, yana da ƙarfi. Amma in aka yar da jirgi kan rairayi rana tana dukansa, sai katakon ya ƙanƙance, haɗin ya buɗe. Ruwa na dawowa sai yoyo, ga mutane a ciki.

Tsofaffin masunta kan nutsar da jirgi a tafki, su danne da duwatsu. In ba ruwa, sai a kife shi a inuwa bisa itatuwa saboda gara, a rufe da zana. Kafin watan Yuli a cusa tsumma a haɗin, a shafe da kwalta, a jiƙa shi kwana uku kafin a ɗauki kowa.

Kuɗin kwalta bai kai na sabon jirgi ba, balle ran ɗan Adam. Allah Ya kiyaye.