Kwas Ɗin Mako Shida A Intanet Ba Ya Zama Digiri

Kwanakin nan wata magana ta cika zaurukan WhatsApp da shafukan Facebook, wai an daina wahalar neman gurbin karatu a jami'a. Wai mutum yana kwance a ɗakinsa da wayarsa zai yi kwas na mako huɗu ko shida a Harvard, ya ƙara wani a wata jami'ar, in ya tara satifiket goma ko sha biyu sai a haɗa masa su su zama digiri. Har an samu masu cin kasuwarsu a kai: ka tura musu kuɗi su yi maka rajista, su amsa maka tambayoyin, bayan kwana uku su turo maka takarda mai tambarin jami'a. Sai ka ga yaro ya ɗora hotonta yana cewa ya kammala karatu a Amurka, jama'a kuma suna ta yi masa Allah Ya sanya alheri. Wannan abu ya ishe ni, domin kuɗin marasa ƙarfi ake kwashewa, kuma ana ɓata sunan wata hanyar karatu mai amfani ƙwarai.

Su dai gajerun kwasa-kwasan nan gaskiya ne akwai su. A 2012 wasu malaman jami'ar Stanford biyu, Andrew Ng da Daphne Koller, suka kafa dandalin Coursera, a shekarar kuma jami'o'in Harvard da MIT suka buɗe edX. Jami'o'i na ɗora lakcocinsu a irin waɗannan dandali, kowa ya shiga ya koya. Shi kuwa kiredit ma'aunin nauyin karatu ne da jami'a ke rubuta wa ɗalibinta a takardar sakamako. A Najeriya kiredit ɗaya shi ne lakcar awa ɗaya kowane mako har tsawon mako 15, kuma digirin shekara huɗu ba ya kasa kiredit 120. A Nijar da sauran ƙasashen da ke bin tsarin LMD, wato digirin farko da na biyu da na uku, kiredit 180 ake tarawa kafin a samu digirin farko.

To, inda aka yi wa jama'a rufa-ido shi ne da aka nuna musu cewa satifiket da kiredit abu ɗaya ne. Ba ɗaya ba ne. Satifiket ɗin da dandali ke bayarwa shaida ce kawai cewa wani mai wannan suna ya bi darussan ya ci tambayoyin da aka yi masa. Ba ta ce jami'a ta ɗauke ka ɗalibi ba. Ba ka da lambar ɗalibi, sunanka ba ya ofishin magatakarda, majalisar jami'a ba ta taɓa zama a kan sakamakonka ba. In yau wani ma'aikaci ya rubuta wa jami'ar yana tambaya ko ta san ka a cikin ɗalibanta, amsar da zai samu ita ce ba ta san ka ba. Su kansu masu dandalin ba su ɓoye wannan ba, yana nan rubuce a bayanin yawancin kwasa-kwasan cewa satifiket ɗin ba ya ɗauke da kiredit. Mu ne ba ma karantawa, da mun hango tambarin jami'a shi ke nan hankali ya tafi.

Ɗauki shahararren kwas ɗin nan na Harvard mai suna CS50, wanda Farfesa David Malan ke koyar da tushen ilimin kwamfuta. Kowa na iya kallon lakcocinsa kyauta, ya yi ayyukan da aka bayar, har ya karɓi satifiket ba tare da ya biya ko sisi ba. Amma mai son a rubuta masa kiredit a kan wannan kwas ɗin sai ya bi ta wata ƙofa daban, ya yi rajista a sashen jami'ar da ake kira Harvard Extension School, ya biya kuɗin da ya haura dala dubu biyu, ya bi jadawalin zangon karatu, malamai su duba aikinsa su ba shi maki. Lakca ɗaya ce, malami ɗaya ne, amma takardun biyu ba su haɗa hanya ba. Wanda ya saurari karatun babban malami a rediyo ya ƙaru, babu shakka, sai dai ba zai fito ya ce malamin ya ba shi ijaza ba. Kuma ko wanda ya biya ya samu kiredit huɗu na kwas ɗin, kwas ɗaya ya ci, bai zama mai digirin Harvard ba.

Masu cewa a tara satifiket su zama digiri, wa zai haɗa su? Digiri tsararren abu ne: akwai kwasa-kwasan dole, akwai na zaɓi, akwai wanda ba a ɗauka sai an ci na gabansa, akwai aikin binciken shekarar ƙarshe. Jami'a ɗaya ce ke ɗaukar nauyin cewa wane ya cika waɗannan sharuɗɗa, ta sa hannu da sunanta. Ko da kiredit na gaske ka samo daga wata jami'a, jami'ar da kake son kai shi ita ke da ikon karɓa ko ƙi. A nan gida ma, ɗalibin da zai koma daga wata jami'a zuwa wata sai an aiko da takardar sakamakonsa daga ofis zuwa ofis, sashe ya duba, majalisar jami'a ta amince, wani lokaci ma a mayar da shi aji ɗaya baya. In haka ake yi wa wanda ya zauna a aji shekara biyu, me zai sa a karɓi takardar da aka buga a shagon kwamfuta?

Kar mai karatu ya ɗauka cewa babu hanyar samun kiredit ta intanet. Akwai, sai dai kowace da sharuɗɗanta. Jami'ar Jihar Arizona da ke Amurka tana da kwasa-kwasan shekarar farko da kowa zai iya shiga da dala 25, in ya gama ya ga makin ya yi masa, sai ya biya dala 400 a rubuta masa kiredit a takardar sakamakon jami'ar. MIT tana da tsarin da ta kira MicroMasters, inda mutum zai ci jerin kwasa-kwasai masu tsauri da jarrabawar da ake sa masa ido, sannan ya nemi gurbin digiri na biyu. In an ɗauke shi sai a rage masa wani ɓangare na karatun. A lura, in an ɗauke shi aka ce, domin cin kwasa-kwasan ba ya tabbatar da gurbi. A Indiya gwamnati ce da kanta ta kafa dandalin SWAYAM, ta kuma ba jami'o'i damar lissafa wa ɗalibi kiredit daga can, amma sai ɗalibin ya je cibiyar jarrabawa da ƙafarsa ya zauna an tsare shi. Duk inda ka ga kiredit na gaske za ka tarar da abu uku: an tabbatar da ko kai wane ne, an sa maka ido a jarrabawa, kuma akwai jami'ar da ta rubuta sunanka a kundinta.

Abin takaici shi ne ba mu daɗe da ganin ƙarshen irin wannan gajeriyar hanya ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu ya fallasa yadda ya samu digiri daga wata jami'a a Kwatano ta ƙasar Benin cikin mako shida ba tare da ya shiga aji ba. A farkon Janairun 2024 Gwamnatin Tarayya ta dakatar da tantance takardun digiri daga Benin da Togo, daga baya kuma ministan ilimi na lokacin, Farfesa Tahir Mamman, ya ce an gano sama da mutum 22,000 da ke yawo da takardun bogi daga ƙasashen biyu. Nawa ne a cikinsu iyayensu suka sayar da gona ko dabba aka biya? Ramin ƙarya ƙurarre ne, amma ga shi tun ƙurar ba ta lafa ba mun sake buɗe wani.

Shi kuma mai biyan wani ya rubuta masa jarrabawa, ina so ya tsaya ya yi wa kansa hisabi. Wannan algus ne, kuma kowa ya san matsayin algus a addini. Ka karɓi takardar da ke cewa ka iya lissafin kuɗi ko sarrafa bayanai alhali ba ka iya ba, ka nemi aiki da ita, ka ture wanda ya iya, ka ci albashi a kai. Ranar da aka ajiye maka kwamfuta aka ce bismilla, wa zai cece ka? Mai shagon da ya yi maka aikin ya riga ya ci kuɗinsa ya shafe baki. Rashin aikin yi, da yajin aikin malaman jami'a, da ƙarancin gurbi duk suna cikin abin da ke tura matasa ga wannan, amma ba su halatta ƙarya ba.

Ga mai son ya yi abin a kan daidai, ga shawarwarina.

Da farko ka san abin da kake nema. In ƙwarewa kake so, wato ka iya wani abu da hannunka, to ba ka buƙatar kiredit. Shiga ka koya, da yawa daga cikin darussan kyauta ne, wasu dandalin kuma suna da fom na neman tallafi ga wanda ba shi da halin biya, kuma da kanka za ka cike shi ba sai ka ba kowa ko kwabo ba. In kuwa digiri kake nema wanda za a amince da shi a Najeriya, ka bi ƙofar da aka sani. Ga jami'ar karatu daga gida ta NOUN, wadda aka kafa a 1983, aka dakatar a 1984, aka farfaɗo da ita a zamanin Obasanjo, tana da cibiyoyi a faɗin ƙasar nan. Ga cibiyar karatu daga nesa ta Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. A 2023 ma an ba wasu jami'o'i masu zaman kansu lasisin irin wannan karatu, ciki har da Miva a Abuja da Iconic a Sakkwato.

Na biyu, kafin ka biya ko naira ɗaya ka tambayi inda za ka kai kiredit ɗin. In kai ɗalibi ne, je wurin shugaban sashenku ko jami'in jarrabawa da sunan kwas ɗin da manhajarsa, ka ce, "Ranka ya daɗe, in na ci wannan za a lissafa mini shi?" In an ce e, ka roƙa a ba ka a rubuce. In ma'aikaci ne kai mai neman ƙarin girma, ka tambayi ofishin kula da ma'aikata. Mutane da yawa sai sun gama kashe kuɗi suke zuwa tambaya, a ce musu ba a san zancen ba, su koma suna zagin hukuma.

Na uku, ka karanta shafin kwas ɗin da kyau ka ga wace jami'a ce za ta ba da kiredit, guda nawa ne, kuma za ta fitar maka da takardar sakamako ta hukuma ko kuwa satifiket ne kawai. In shafin bai ambaci wannan ba, to babu. Sannan ka binciki jami'ar kanta. Hukumar kula da jami'o'i ta ƙasa, NUC, tana wallafa sunayen jami'o'in da ta amince da su, tana kuma fitar da jerin haramtattu. Takardun ƙasashen waje kuwa Ma'aikatar Ilimi ta Tarayya ce ke tantance su.

Na huɗu, ka yi rajista da kanka a shafin jami'ar ko na dandalin, ba ta wata mahaɗa da aka turo a zaure ba. Ka rubuta sunanka daidai yadda yake a katin shaidarka da sauran takardunka, domin bambanci tsakanin Muhammad da Mohammed kaɗai ya isa ya jawo maka zirga-zirga. Kada ka ba kowa kalmar sirrinka. Duk wanda ya ce ka tura kuɗin makaranta ta asusunsa na kansa, ka guje shi.

Na biyar, ka yi lissafin kuɗin gaba ɗaya: rajista, jarrabawa, kuɗin mayar da kwas kiredit, kuɗin aika takardar sakamako, ga data, ga canjin dala da ba ya zama wuri ɗaya. Ka kuma tanadi kayan aiki. Waya ta isa kallon lakca, amma jarrabawar da ake sa ido yawanci sai da kwamfuta mai kyamara, da ɗakin da babu mai shigowa, da wuta da intanet da ba za su yanke a tsakiya ba. Ka gwada komai tun kafin ranar, ka cika batir, ka tanadi layi na biyu.

Na shida, ka ware lokaci. Gajeren kwas ba yana nufin sauƙaƙƙen kwas ba ne. Karatun wata huɗu ne ake matsewa cikin mako bakwai ko takwas, kowane mako da aikin da za a miƙa. Wani bincike da masana a MIT suka wallafa a 2019 ya nuna cewa a shekarar karatu ta 2017 zuwa 2018, kashi 3 da ɗoriya cikin 100 ne kacal na waɗanda suka shiga kwasa-kwasan Harvard da MIT a edX suka kammala. Ba wuyar karatun kaɗai ke kayar da mutane ba, rashin mai tsare su ne. Ka ɗauki kwas ɗaya, ka sa masa sa'a tsayayya, bayan asuba ko bayan isha'i, ka gama shi kafin ka taɓa wani.

Na ƙarshe, in ka gama ka faɗi gaskiya a takardar neman aiki. Rubuta cewa ka yi kwas kaza ta intanet a dandali kaza. Wannan ma abin alfahari ne, kuma mai ɗaukar aiki da ya san abin da yake yi zai daraja shi, musamman in ka nuna masa aikin da ka yi da abin da ka koya.

Iyaye, idan yaro ya zo da zancen digirin wata uku, ku tambaye shi sunan jami'ar da lambarsa ta ɗalibi kafin ku kwance bakin aljihu. Malamai da masu faɗa a ji a zaurukan sada zumunta, ku daina tura tallan da ba ku bincika ba, domin duk wanda aka cuta ta hanyarku kuna da kamasho a alhakinsa. Matasa kuma ku shiga ku koya, ƙofar a buɗe take, amma ku kira kowace takarda da sunanta. Allah Ya ba mu ilimi mai amfani, Ya tsare mu da cin haram.